Neman kitse a birnin Lil

Cikin watan Nuwamba na shekarar 2022 wata kwalbar man shanu ta litar guda ta taso daga Tasawa za ta birnin Lil, can arewacin Faransa. Wata dattijuwa ce ta soya man da hannunta, ta toshe bakin kwalbar da leda da zare, ta naɗe ta cikin tsohon zane, ta damƙa ma wani ɗan kasuwa mai zuwa sayen kayan mota a Beljik. Kwalba ta kwana Maraɗi, ta kwana Yamai, ta ƙetare Sahara da teku cikin jirgi lafiya lau. Sai da ta sauka Faransa, saura tafiyar awa guda a jirgin ƙasa, ma'aikatan duwan suka buɗe jaka, suka fiddo ta tare da ƙunshin kilishi, suka ce ba ta wucewa. Kuma da gaskiyarsu, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko nono ko abin da aka yi da su daga ƙasashen waje irin namu. Ɗan kasuwa ya yi magiya, ya ce na mai jego ne. Aka saurare shi da ladabi, aka ajiye kwalba gefe.

A lokacin ina Lil wajen wani staj na aikin jarida na wata 9. Mai jegon matar wani abokina ce, ɗan Tasawa mai gadi da dare yana karatu da rana. Haihuwar fari ce. Da a gida ne, da tana ɗakin uwarta ana mata wankan jego safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, ana gasa mata nama. Uwar ta nemi biza ba ta samu ba, shi ne ta aiko kwalba a madadinta. Tun ranar Lahadi da ta haihu yarinyar ba ta cin abincin kirki, ta ce komi salam take jin shi a baki. Mijin ya shaida mani ranar da aka ce uwarta ba ta zuwa ba ta yi kuka ba, amma da aka ce kwalba ba ta iso ba sai ta juya fuska bango ta yi shiru. Ga suna ranar Lahadi mai zuwa. Jaririn ya riga ya samu sunanshi a takardar magajin gari, tun da dokar Faransa kwana 5 kawai take ba uba ya kai sanarwa, amma wannan sunan takarda ne. Na gaskiya sai an taru ranar bakwai. Matan ƴan Nijar da ke garin, su huɗu ko biyar, sun yi alkawarin nakiya, nakiya kuwa ba ta yiwuwa sai da man shanu. Babbarsu, wata Hajiya ƴar Maraɗi, ta dube ni ta ce: "Kai ne ɗan lise, kai ka iya karatun kwali. Je ka nemo mamu."

Na karɓi aiken da fara'a, har da ɗan alfahari. Ina ganin neman man shanu a Faransa kamar neman rairayi ne a Agadas.

Bari in ɗan kwatanta maku garin tukuna. Lil birnin jan bulo ne da yayyafi, bakin iyakar Beljik, wanda masaƙu suka gina da can, da kwal ɗin da ake haƙowa a yankin, sa'annan duka biyun suka mutu suka bar mashi manyan gine-gine masu dogayen bututun hayaƙi. Cikin Nuwamba rana ba ta kai ƙarfe 5 da rabi ta faɗi, idan ma ta fito ke nan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na garin, metro, tun 1983 yake tafiya ba direba, abin da ya ɗauke ni sati guda kafin in daina leƙen inda ya kamata direban ya zauna. Abin da baƙo ya fi saurin lura da shi kuwa shi ne ƙamshi. A bakin gar, a filayen unguwanni, akwai rumfunan masu soya dankalin Turawa, kuma mutanen arewacin Faransa da na Beljik al'adarsu da narkakken kitsen shanu suke soya shi. Idan iskar sanyi ta kwaso wannan ƙamshi da yamma, wallahi sai ka rantse kashegarin sallar layya ce a Birni, mata suna suya kakide yana tashi. Gari ne mai ƙamshin kitse ta ko'ina, amma kamar yadda za ku ji, ɗanyen kitsen kansa ba ka ganin shi a teburin kowa.

Ranar Laraba da safe na shiga babban kanti. Layin man shanu kaɗai ya kai tsawon motar bas: mai gishiri, marar gishiri, mai ɗan gishiri, na Normandi, na Biritaniyar Faransa, mai laushi, mai rangwamen kitse. Doka ta ce ba a kiran abu man shanu a can sai kitsen da ke cikinshi ya kai kashi 82 cikin 100, ko 80 idan mai gishiri ne. Sauran kusan duk ruwa ne. Na ɗauki guda na shinshina ta bayan takarda. Ba ya ƙamshin komi sai sanyin firigo. A ƙasan layin na hango wani farin curi mai arha, fari tas, mai kama da kitsen rago da aka narka ya daskare, an rubuta mashi saindoux. Nan ilimin lise ya motsa. Na ce sain ai lafiyayye ke nan, doux kuwa mai daɗi, to me ya fi wannan dacewa da mai jego? Har na jefa shi cikin kwando. Allah ya taimake ni na juya kwalin, sai ga hoton alade ƙarami yana murmushi. Daga baya na bincika na gane sain ɗin nan tsohuwar kalma ce mai nufin kitse, ba ta da dangantaka da lafiya ko kaɗan. Mushen da ya koya mamu Faransanci shekara bakwai ya sha wahalar mu da nahawu da waƙoƙi, amma bai taɓa shiga da mu kicin ba. Ina roƙon duk mai niyyar tafiya ya riƙe wannan kalma guda, ko da ya manta sauran abin da na rubuta: saindoux man alade ne, kuma a arewacin Faransa yakan ɓuya cikin wasu kayan fulawa da ba ka zato.

Daga nan na koma karatun kwali da gaske, layi layi, kamar mai duba takardar kotu. Margarin ta fi yawa, irin wadda muke shafa ma burodi a teburin mai shayi. Abin mamaki, asalinta ma kitsen shanu ne. Sarki Napoleyon na 3 ne ya nemi a ƙirƙiro abin da zai maye man shanu, mai arha, wanda ba ya saurin lalacewa, domin sojan ruwa da talakawa. A 1869 wani masani mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ya haɗa narkakken kitse da madara ya samu lasisin abin. Yau da man tsirrai ake yin ta. Kusa da ita ga Végétaline, farin dunƙule mai tauri na man kwakwa, wanda idan ka gan shi daga nesa ka yi mashi kallon kitse, alhali rogo ne. A bayan kwalaye da yawa kuma akwai wata lamba, E471, sinadarin da ke hana mai da ruwa rabuwa, wanda ana iya samo shi daga tsiro ana iya samo shi daga dabba, kuma kwalin sau da yawa ba ya faɗin daga wanne. Na ga wani dattijo Balarabe da tabarau a kan hanci yana irin karatun da nake yi. Muka haɗa ido, muka gaisa, kowa ya ci gaba da aikinshi.

Akwai abin da ya tsaya mani a rai a layin man girki, kuma ku ƴan kasuwa ya fi shafa. Man gyaɗa yana can a lungu, ƴan kwalabe kaɗan, ya fi sauran tsada. Alhali tafiyar awa guda daga Lil, kusa da tashar jiragen ruwa ta Dankerk, nan kamfanin Lesieur ya kafa matatsarshi, kuma da gyaɗar Afirka ta yamma ya yi suna, musamman ta Senegal. Tamu ma ta bi teku shekara da shekaru, wata ta Kano zuwa Ikko a jirgin ƙasa, wata ta Paraku zuwa Kwatano. Dattawan Maraɗi da Damagaram ba su manta da zamanin tireti ba, da Sonara, da matatsar Siconiger, da dalar buhuna a bakin sikeli. Farin shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki, Turawa kuma suka koma ma man furen rana da na kolza da suke nomawa a gonakinsu. Yau uwargida a Maraɗi da man jarka take girki, mafi yawanshi na kwakwar manja daga Asiya. Man kaɗe kuwa, wanda ake ci a ƙasar Gaya, a Lil sai a farmasi na same shi, cikin ƴar kwalba mai turare, na shafa a fata, da kuɗin da zai sayi ƙwarya guda a gida. Amma suna cin shi ba su sani ba: tun shekarar 2000 dokar Turai ta yarda a sa man tsirrai har kashi 5 cikin 100 a shokola, man kaɗe yana cikin waɗanda aka lissafa.

Da la'asar na koma da kwalba biyu. Ɗaya man shanun Indiyawa ne, soyayye, rawaya, mai tsabta, wanda suke kira gi. Ɗaya na Marokawa, siman, wanda ake gishirta shi a ajiye har ya tsufa. Hajiya ta buɗe na farko ta ɗanɗana ta ce: "Wannan mai ne, amma ba ya magana." Ta buɗe na biyu, ɗakin duka ya ɗauka, ta rufe da sauri ta ce wannan kuma surutu ya yi mashi yawa. Aka kai ma mai jego na Indiyawan a kan tuwon semul. Ta ci loma uku don kunyata, ta ce na gode, yaya. Na fita ina jin nauyin abin fiye da yadda na shigo.

Kashegari Alhamis, ranar da kasuwar Dole take cika a gida, na tafi Wazemmes, wadda ake faɗi Wazem. Unguwar talakawa ce da baƙi, tasha kaɗan daga tsakiyar gari. Kasuwarta tana ci Talata da Alhamis da Lahadi da safe, a filin da ke gaban coci, kewaye da wata babbar rumfa ta ƙarfe da bulo da gilashi wadda ta haura shekara 150. Nan ne kaɗai a Lil na ji ana kiran mai saye da murya, ana tayi, ana rantsuwa. Ƴan Aljeriya da Maroko ke da yawancin shagunan nama na titunan da ke kewaye. Na shiga wurin wani dattijo da nake sayen naman rago gare shi, mai farar riga da farar hula, wanda kowa ke ce ma Alhaji. Niyyata in tambaye shi ko ya san mai man shanun gargajiya.

Na tarar da wata tsohuwar Baturiya a gabana, doguwa, da ƴar jakar kasuwa mai taya, tana magana da Faransanci mai kyau amma da harshen da ba na ƙasar ba. Tana nuna bayanta da hannu, daidai ƙugu, tana cewa ba kitsen da ake yankewa a jikin nama take nufi ba, wanda ke lulluɓe da ƙoda take so, fari, mai tauri, mai marmashewa a hannu. Yaron shagon sai miƙo mata kitsen awaza yake yi. Ni kuwa na gane shi tun kafin ta gama, domin wane yaron da ya taɓa riƙe ƙafar rago ranar layya bai san shi ba? Na sa baki na ce: "Alhaji, kitsen ƙoda Madam take nema." Alhaji ya ajiye wuƙa ya yi dariya. Ya ce da can kyauta yake ba da shi ana rataya ma tsuntsaye lokacin sanyi, amma yanzu saniya ba ta iso mashi da shi. Tun a mayanka ake feɗe shi a tura ma masu narkawa, su ne ke sayar ma masu soya dankali da masu sabulu. Ya ce sai dai ya yi talho a keɓe mashi, ta dawo Asabar. Ta ce Asabar ta yi, in dai ba ta wuce Lahadi ba.

A bakin shago muka tsaya, yayyafi yana sauka, ta ba ni labari. Ƴar Ingila ce, ta auri Bafaranshe, ta yi shekara 40 a Lil, mijin ya rasu. Kowace shekara tana yin wani abinci na sallar Nowel da suke kira fudin: zabibi da busassun ƴaƴan itace da garin burodi da ƙwai da sukari da kayan ƙamshi, a cuɗe da kitsen ƙoda, a turara shi awa 6 har 8, a ajiye sai ranar salla. Al'adarsu ranar Lahadin ƙarshe kafin shiga makonni huɗu na jiran Nowel ake cuɗa shi, a shekarar nan ta faɗo 20 ga Nuwamba, wato daidai ranar sunanmu. Kitsen nan suwet suke ce mashi, kalmar da ta fito tushe ɗaya da suif na Faransanci. A ƙasarsu cikin kwali ake sayar da shi a kowane kanti, an gurza shi an barbaɗe da gari, mai suna Atora. Kuma ta ƙara da ɗan murmushi cewa wanda ya fara wannan sana'a a Manchesta a 1893, Gabriel Hugon, Bafaranshe ne. Shekara da shekaru tana hawa jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku, Lil zuwa Landan bai kai awa ɗaya da rabi ba, ta dawo da kwalayenta cikin jaka. Da Ingila ta fita Tarayyar Turai, daga 1 ga Janairun 2021 sai ta zama ƙasar waje. Dokar da ta tsare kwalbarmu ita ce ta tsare kwalinta. Na ce mata: "Madam, ashe ni da ke duwan ɗaya ya kama mu." Ta yi dariya har ta dafa ni.

Na tambaye ta me ya hana ta sa man shanu, ga shi nan kamar ƙasa, ko irin suwet na man tsirrai da ake samu. Ta dube ni irin kallon da Hajiya ta yi ma kwalbar Indiyawa. Bayanin da ta yi mani ya cancanci a rubuta, domin a nan na fahimci abin da ya sa mai ba ya maye mai. Man shanu yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 32 zuwa 35. Shi ya sa a Tawa cikin watan Afrilu ba mai ganin shi a daskare. Kitsen ƙoda kuwa sai zafi ya kai digiri 45 zuwa 50. Idan aka cuɗa ƙullu da man shanu aka ɗora a tururi, man zai narke tun ƙullun yana ɗanye, ya jiƙe shi, abin ya fito da nauyi, ya cushe. Amma ɓarɓashin kitse yana tsayawa da ƙarfinshi har ƙullun ya fara kamawa a kewayenshi, sa'annan ya narke ya bar ƴan ƙananan ramuka, dubbai, abin ya fito sakayau. Kuma kusan babu ruwa a cikinshi, don haka abincin yana iya wata da watanni bai lalace ba. Na ce ai nakiyarmu ma haka take, ana ajiye ta ta shekara. Sai ta tambayi me ya kawo ni, na kwashe labarin mai jego na gaya mata.

Ita ce ta ja ni cikin babbar rumfar, wurin masu cuku, ta nuna mani man shanun gona, wanda aka kaɗa daga ɗanyen kirim da aka bari ya yi tsami, ana yanka shi daga babban curi da waya. Ta nuna mani kuma abin da mutanen arewa ke kira kaɗaɗɗiyar madara, wato ruwan da ke saura bayan an fidda mai, mai tsami kamar tsala. Na sayi kilo guda na man a kan yuro 16, kusan jika 10 da rabi ke nan na sefa, da litar biyu ta madarar. Na lissafa abin da kuɗin nan zai saya a hannun Fulanin kasuwar Dole, na yi maza na daina lissafi.

Da dare na kira mahaifiyata a Damagaram ta WhatsApp. Ku yi mani afuwa, masu karatu: shekarata 30 da ƴan kai ina cin man shanu a tuwo da dambu da shinkafa da wake, ban taɓa tambayar yadda ake yin shi ba. Inna ta yi dariya har sai da ta yi tari. Ta ce: "Ɗan nan, ka je ƙasar Nasara koyon aiki, ashe abin da ka baro a bayan ɗaki za ka tambaya?" Sa'annan ta yi mani karatu. Ta ce man Fulani daga nonon da ya kwana ya yi tsami ake kaɗa shi cikin gora, kuma curin yana zaune cikin nono har ya iso kasuwa, ƙamshin da nake nema tsamin nan ne. Ta ce in murje man cikin madarar mai tsami, in rufe, in bar shi kwana biyu inda ba sanyi sosai. Ranar suya in tsame shi, in ɗora a wuta marar ƙarfi, in yanka albasa in zuba, kada in motsa da yawa, kada in tafi ko'ina. Zai yi kumfa, ya yi ƙara, ƙarar ruwa ce ke fita. Idan ya yi shiru, gurɓin da ke ƙasa ya fara ja, albasa ta yi launin zuma, in sauke nan take in tace. Ta ce: "In ka tsaya duba talho, ka ƙona."

Asabar da safe muka haɗu da Madam wurin Alhaji. Ya fiddo kitsen saniya guda a takarda, kilo biyu da wani abu, fari mai ɗan ruwan hoda, ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Na ɗaukar mata har gida, hawa na uku. Hannuwanta sun fara ciwon sanyi, don haka ni na zauna na ɓare yanar da jijiyoyin, muka sa shi a firigo ya ƙara tauri, na gurza shi a magurjin ƙarfe tana barbaɗa gari don kada ya manne. Aikin awa guda ne, abin da da can take buɗe kwali ta zuba. Da na ga ta jawo kwalbar barasa za ta zuba a zabibi sai na ja kujera baya. Ta lura, ba ta ce komi ba. Ta ɗauko wani ƙaramin kwano ta raba haɗin biyu, ta jiƙa na ƙaramin da baƙin shayi da ruwan lemo. Ta ce babban sai gobe kamar yadda aka saba, amma wannan yau za ta turara shi, na mai jego ne.

Da azahar na soya nawa a ɗakin abokina, tagogi a rufe saboda sanyi. Kilo guda ya koma kamar kashi uku cikin huɗu na litar. Ban duba talho ba. Lokacin da ƙarar ta ɗauke, ƙamshin ya tashi ya cika ɗakin ya fita har matakala, sai na ji an buɗe ƙofar uwar ɗaka. Mai jego ta fito da jariri a kafaɗa, ta tsaya bakin kicin tana kallon tukunya. Gaskiya ba irin na gida ba ne sak, kuma ba zai zama ba: saniyar da ta ci ɗanyar ciyawar Fulandar ba ta ba da nonon da ta Azawak mai cin harawa da dusa take bayarwa, launin ma ya fi namu rawaya. Hajiya ta ɗiga a bayan hannu ta lasa, ta yi shiru, ta ce: "To, wannan ya fara magana." Yarinya ta ci malmala biyu da miyar kuka a zaune a ƙasa, ta nemi ƙari.

Dakan nakiya shi ne ya kusa haɗa mu da maƙwabta. Garin shinkafa injin Moulinex ya niƙa, amma haɗa shi da mai da zuma da citta da kanumfari da masoro sai turmi, turmin kuwa ɗan ƙarami ne da aka aro wurin wata ƴar Mali. Aka ninka bargo biyu aka ɗora shi a kai, mata suna karɓa-karɓa, mijin yana tsaye da agogo, domin bayan ƙarfe 10 na dare ba a yi ma na ƙasa ƙara. Saura minti 10 aka gama.

Ranar Lahadi mutum kusan 30 suka cika ɗaki biyu, takalma har matakala. Ragon suna a Tasawa aka yanka shi da safe, mu nan aka yi addu'a aka raba dabino da nakiya. Madam ta iso da la'asar da kwanonta a naɗe cikin farin ƙyalle, baƙi ƙirin, yana ƙamshin kanumfari. Dattijon da ya yi mamu addu'a ya jawo ni gefe ya tambaya a hankali ko na san abin da ke ciki. Na ce: "Malam, kitsen daga hannun Alhaji ya fito, ni na ɗauko shi, ni na gurza." Ya gutsura, ya tauna, ya ce abin ya yi kama da alkaki da ya sha ruwa, ya ƙara gutsura.

Can aka kira Tasawa ta bidiyo. Kakar jariri ta ga jikanta, ta yi guɗa, ta yi hawaye, ta sa albarka. Da ta natsu sai ta ce a nuna mata man da aka ce wani ɗan jarida ya soya. Aka ɗaga kwalbar saitin fitila, aka juya ta. Tsohuwa ta matso da fuskarta har ta cika gilashin talho, ta daɗe tana dubawa, sa'annan ta ce a gaya ma yaron nan wutarshi ta ɗan yi yawa, kuma albasar Turawa ruwa gare ta, nan gaba ya nemi ta Galmi.